Akwati Mai Haƙora Daga Sakkwato

Tun da muka dawo daga Sakkwato ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya, a ƙofar masallaci, har a wurin suna sai wani ya matso ya ce, "Nomau, wai yaya ƙasar Ingilishi take?" Wasu kuma na san ba ƙasar ce ta dame su ba, so suke su ji yadda aka yi mutum da hankalinsa ya ƙetare iyaka ya sayo abin da ya ɗaga taraktarsa sama. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya, iya abin da na fahimta, kuma ba wani mai yawa ba ne.

Ga wanda bai san garinmu ba, Tungar Gawo tana gefen Tibiri. Tsakaninmu da babbar hanya akwai 'yar hanyar marmara da iyayenmu suka zuba da kwando zamanin aikin dole. Tun da aka sami mulkin kai babu wanda ya ƙara mata ko tafin hannu guda, damina uku ta ci ta, ta zama ramuka da gargada. Bara kamyon kamfanin gyaɗa, wato babbar motarsu ta kaya, ya kafe a cikinta kwana biyu. Wakilin kamfanin ya zo ya faɗa wa mai gari a gaban kowa cewa in bai ga an gyara hanyar ba kafin a fara awon bana, za a ɗauke sikeli a kai Kore Mairuwa. Sikelin nan kuwa shi ne garin. In ya tafi kasuwar Laraba za ta bi shi, mahauta da masu fura da teloli su bi kasuwa, mu kuma kowa ya ɗora gyaɗarsa a jaki ya yi tafiyar wuni.

Muna da tarakta ƙarama da ma'aikatar noma ta ba ƙungiyar manomanmu, ni ke tuƙa ta, amma tirela kawai take ja. Aka ce a saya mata ƙarfen gyaran hanya. Yamai suka ce sai an aika Faransa, jirgin ruwa ya kawo, wata shida in an yi sa'a. Sai wani ɗan cin rani ya kawo labari cewa a Sakkwato akwai wani fili da ake sayar da tsofaffin kayan aikin hanya da wani ɗan kwangila ya bari. Gari ya yi karo-karo, aka zaɓi mutum biyu. Ni, don ni zan ja abin. Da kuma dattijon da zai riƙe kuɗi ya yi ciniki, wato sarkin tikenmu, mai kula da kasuwar shanu, wanda shekara talatin ba a taɓa cutarsa a cinikin sa ba.

Ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili. Uban matata ne.

Wanda ya haɗa wannan tafiya Allah ya yafe masa, ni dai har yau ban gama yafewa ba. Shekara bakwai ina auren ɗiyarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi a hanya nakan cire takalmi in durƙusa tun daga nesa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In yana son gaya mini wani abu sai ya samu wani ya ce, "A gaya ma mai tarakta kaza." To ga mu za mu yi tafiyar kwana da kwanaki mu biyu, babu na ukun da za a aika.

Muka fara zuwa Dogon Dutsi karɓar takardar ƙetare iyaka. Baba ya zauna a inuwar biro, wato ofishin gwamnati, yana jiran komi, malamin da ke rubuta takardun, ni kuma na zame na tafi garejin mishan wurin Piyer, wani Kirista ɗan Dahome da ya daɗe a Dutsi har Hausarsa ta zama tamu. Shi ke duba mini tarakta in ta ƙi tashi. Ya yago kwali ya zana mini abu uku.

"Ka ga wanga? Wuƙa ce guda, mai tsawo, ana karkata ta. Tana turo tsakuwa daga gehe zuwa tsakiya, hanya ta yi doro, ruwa ya gangare. Wanga kuma akwati ne mai haƙora, shina tona ƙasa, ya kwashe ta, ya cike rami. Na ukun ƙarhunan layin dogo ne biyu, ja kawai ake yi, su share sama-sama."

"To wanne zan sayo?"

"Hanyarku doro take so, taraktarku kuwa ƙarama ce. Wuƙa, marar nauyi." Na ji daɗi, na naɗe kwalin zan tafi, sai ya sosa ƙeya ya ƙara da cewa, "Amma fa in marmarar ta yi tauri ƙwarai, wuƙa tana iya zamewa bisa."

Wannan "amma" ita ta bi ni har Sakkwato. Da ya haɗiye ta da ya yi mini alheri.

Washegari muka sami kamyon wake mai zuwa wajen Argungu. Direban wani Bazabarme ne, Hima, mai surutu kamar rediyo. Don girman Baba aka sa shi gaba, ni kuma da aka ji direba ne aka ce in shiga tsakiya in taya hira. Haka na zauna kafaɗata tana gogar kafaɗar surukina, ina ta ƙanƙance jiki har haƙarƙarina ya yi ciwo. Hima ya tambayi abin da za mu saya, na nuna masa kwalin. Ya duba da ido ɗaya, ɗayan yana kan hanya, ya buga sitiyari.

"Wuƙa? Wa ya gaya maka? Ni nike bin hanyoyin nan kullum. Gargada in ba ka tona ta daga gindi ba, shafa mata kake yi, kwana goma ta dawo. Haƙora, malam. Abu mai haƙora."

Baba ya gyaɗa kai sau biyu yana kallon gaba. Ni kuma na ji maganar Hima ta shiga, don ita ma ta yi kama da gaskiya.

Da rana muka tsaya a wani ƙauye, yunwa ta ci ni har idona yana ganin biyu-biyu. Na sayi ƙosai a ɓoye, na zagaya bayan kamyo don in ci inda Baba ba zai gan ni ba. Ina shan kwana sai ga shi tsugune a gindin taya, ƙwaryar fura a hannu, shi ma ya ɓuya don kada in gan shi. Na juya kamar wanda ya manta wani abu, shi ma ya miƙe kamar ya gama. Na ba wani kare ƙosan, daga baya na hango ƙwaryar furar a inda ya bar ta, ko rabi bai sha ba.

Iyakar da nake ta jin labarinta ashe sanda ce guda a giciye da bukka biyu. A tamu jandarma ya buga hatimi bai ko dube mu ba. A tasu wani Bafillace ne cikin gajeren wando mai guga, ya dubi zanen fuskar Baba ya fashe da dariya.

"Arawa da tarakta? Duniya ta zo ƙarshe. Bori za ku hau da ita?"

"Mu muna hawan abin da muka saya," in ji Baba. "Kai fa, wa ya ba ka wando? Ina ka baro shanun ubangijinka?"

Suka yi ta yi har Bafillacen ya manta bai duba takardarmu ba. A nan na fara ganin Baba yana dariya da haƙoransa duka, na yi sauri na sunkuyar da kai. Mutanen ƙauyukan da muka wuce bayan sandar irin namu ne sak, harshe ɗaya, gero ɗaya, rumbu ɗaya. Kuɗi ne suka canza, ga wani kwabo mai huda a tsakiya wanda na yi ta juyawa ina neman dalilin hudar.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne a ƙasarsu mota hagu take bi. Cikin yashi ba a gane ba, sawu ɗaya ne kowa ke bi. Sai da wata babbar mota ta taho gaba da gaba, na ga Hima ya karkata hagu maimakon dama. Na yi salati da ƙarfi, na kai hannu zan ƙwace sitiyari, ɗayan hannun kuma na damƙe abin da ya fi kusa. Motar ta wuce lafiya. Da na dawo hayyacina na ga gwiwar surukina ce a hannuna. Hima ya yi dariya har da hawaye. Baba ya dubi sandarsa ya ce mata, "Allah shi kiyaye hanya." Na so ƙasa ta tsage in shige.

A bakin gulbin Argungu kamyo ya tsaya, ruwa bai janye ba, sai kwalekwale. Muka ƙetare, wani masunci mai kirki ya sauke mu a zaurensa. Da yamma aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, ƙamshinta kaɗai ya isa ya sa mutum kuka, mu da muka saba da tuwon gero da kuka. Amma akushi ɗaya aka kawo, don mai gidan ya ɗauka uba da ɗa ne. Ya ajiye tsakaninmu ya ce bisimilla. Baba ya ce ya ƙoshi. Ni ma na ce na ƙoshi, cikina kuwa yana ƙugi kowa na ji. Fuskar mai gida ta canza.

"Ko mutanen Faransi ba su cin kihi? Ko dai abincin talaka ne ba a so?"

Muka hau rantse-rantse, shi kuma ransa na ƙara ɓaci. Wata tsohuwa, uwarsa, ita ta cece mu. Ta leƙo daga cikin gida, ta dube ni a rakuɓe jikin bango, ta dubi Baba yana kallon rufi, ta ce, "Kai dai ba ka da ido. Surukai ne. Raba musu akushi, ka kai yaron bayan gida." A gindin turmi na ci tuwon nan kusa da awaki, kuma ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba.

Da safe a hanyar Sakkwato motarmu ta tsaya shan ruwa kusa da wasu leburorin hanya. Suna da tarakta irin tawa, tana jan ƙarfunan dogo biyu da sarƙa, wato zane na uku a kwalin Piyer. Na sauka da gudu na gaida helumansu, wato shugabansu, wani tsoho mai jan goro a baki, na nuna masa kwalin. Ya tofar da yawu.

"Wuƙa ɓarna, haƙora ɓarna. Hanya awa gemu take, gyara take so kullum, ba aski ba. Ka ja wanga sau ɗaya a mako, shi ke nan."

Na koma mota da shawara uku daga mutum uku, kowanne ya san aikinsa, kowanne ya rantse. Na yi ta juya kwalin har zanen ya fara gogewa da gumi. Baba yana satar kallon kwalin ta gefen ido. Na gan shi, shi ma ya san na gan shi, amma babu Hima a wannan motar balle a aike shi.

Sakkwato ta fi ƙarfin idona. Kekuna kamar fara, masu sayar da shayi da madarar gwangwani da wani burodi mai kusurwa huɗu, laushi kamar auduga, ba irin namu dogo mai fasa dasashi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, na zaga kasuwa ban ga matan aure ba sai tsofaffi da 'yan mata, alhali a wurinmu rabin kasuwa mata ne. Muka sauka a gidan Alhaji Tanko, wani Ba'are irinmu mai fataucin fata da ya yi shekara ashirin a can. Ya karɓe mu hannu biyu-biyu, ya gane matsalarmu tun daga ƙofa, ya ba kowa ɗakinsa da akushinsa. Na yi masa addu'a a ranar. Ban san shi ne zai raka mu ciniki ba, kuma a can ma kamar a tikenmu, la'adar mai masauki tana girma ne da girman abin da baƙo ya saya.

Filin kayan yana bayan gari, ƙarafa sun yi tsatsa cikin ciyawa. Mai kula da shi wani Bayarabe ne, Lasisi, gajere, da fensir a bayan kunne, Hausarsa tsaf. Ya tambayi irin taraktata, na faɗa masa, na ba shi kwalin da awon da Piyer ya rubuta a baya. Bai yi dogon tunani ba, ya ja mu wani lungu ya nuna wata wuƙa siririya, tsawonta ya ɗan fi mutum, da wani makami na karkata ta. Ya sa ƙafa ya nuna yadda take juyawa.

"Wannan ce taku. Mutum biyu sun isa su ɗaga ta. Taraktarka za ta ja ta tana waƙa."

Da na ga yadda take karkata, wallahi wani abu ya faɗa mini a zuciya. Na hango tsakuwar hanyarmu da ruwa ya watsar gefe tana komawa tsakiya. Duk surutun Hima da na heluma ya yi shiru a kaina. Amma sai "amma" ɗin Piyer ta ɗago kai, na ce to in ta zame fa?

Baba ya zagaya wuƙar yadda yake zagaya saniya. Ya ƙwanƙwasa ta da sanda, ya tura ta da ƙafa ta motsa, ya yamutsa fuska.

"Alhaji, wagga ai ramammiya ce. Gari guda ya tara kuɗɗi, mu koma musu da abin da iska za ta ɗauka?"

"Gaskiyarka, Sarki," in ji Alhaji Tanko. "Zo ka ga wani."

Ya kai shi wurin akwatin. Wani ƙaton abu ne, baƙi, gefensa kaurin tafin hannu, haƙora shida a jere kowanne kamar ƙahon bijimi. Baba ya durƙusa ya ƙirga haƙoran, ya girgiza kowanne ya ji ba ya motsi. Ya tura da ƙafa, akwati ko gezau. Ya sa aka kira leburori huɗu su ɗaga, suka kasa. Na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da take yi in ya ga sa mai tozo.

"Wanga ƙarhe ne," in ji shi.

Lasisi ya cire fensir daga kunne ya mayar. "Baba, wannan na babbar tarakta ne. Yana da nauyi." Kalmar nauyi kuwa a kunnen dillalin shanu yabo ce. Baba ya gyaɗa kai da jin daɗi. Sai Lasisi ya juyo ya dube ni sosai. "Direba, kai za ka ja. Me ka ce?"

Alhaji Tanko yana kallona, leburori suna kallona. Baba bai juyo ba, amma sandarsa ta daina motsi, kuma ya daɗe a haka fiye da yadda ya kamata. A lokacin na ɗauka fushi yake jira ya yi in na kuskura. Na buɗe baki. Ta yaya zan ce wa uban matata, sarkin tike, a gaban baƙi, a ƙasar wasu, cewa zaɓinsa ba daidai ba ne? Kuma ni ɗin ma na tabbata? Ba Hima ya ce haƙora ba? Na kama wannan shakkar hannu biyu na ɓuya a bayanta.

"Abin da Baba ya gani," na ce.

Lasisi ya ɗaga kafaɗa. Cinikin kam Baba ya nuna gwaninta, har Bayaraben ya ce bai taɓa haɗuwa da irinsa ba.

Akwatin ba ya shiga kwalekwale, don haka muka dawo ta Illela da Ƙonni. Mutum takwas suka loda shi da sanduna. A duwan ɗin Ƙonni, wato kwastan, ma'aikacin ya hau kamyo ya zagaya shi sau uku, ya sauko ya buɗe littafinsa daga farko har ƙarshe bai sami sunansa ba. Ya tambaye mu ko gado ne, ko tarkon kura. Na yi masa bayani, bayanin ya ƙara rikita shi ya rikita ni. Muka wuni a nan, daga ƙarshe ya rubuta garma ya sallame mu. Tun daga Sakkwato Baba ya rage magana, ko sandarsa ya daina yi wa zance. Duk inda muka tsaya sai ya zagaya ya ɗaga tamfol ya dubi akwatin, sannan ya dubi wajen da nake, ya mayar da tamfol.

Tungar Gawo ta tarbe mu da guɗa da kalangu. Maroƙi yana ta kirari, sarkin tike ya je ƙasar Ingilishi ya zaɓo bijimin ƙarfe. Maƙeri ya ɗan goge ƙusoshin da ake haɗa akwatin da tarakta suka shiga, aka ɗaura akwatin a bayan tarakta a filin kasuwa, gari duka a tsaye. Na hau, na tayar, na yi bisimilla, na ja makamin ɗagawa.

Akwatin bai tashi ba. Gaban tarakta ne ya tashi. A hankali, kamar akuya mai neman ganyen sama, har na ga ba komai a gabana sai gajimare da reshen gawo. Na saki makamin, ta faɗo da ƙara, ƙura ta tashi. Kalangu ya yi shiru. Wata tsohuwa ta ce iskoki ne, a kira 'yan bori. Ban dubi inda Baba yake tsaye ba, kuma da ƙura ta lafa ba ya nan.

Saura kwana tara wakilin kamfani ya zo.

Da aka aika masa, Piyer ya zo a kan babur ɗinsa. Ya dubi akwatin, ya dube ni, bai ce na gaya maka ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ya cire haƙora huɗu ya bar biyu, ya sa maƙeri ya kafa wani katako a hancin tarakta, muka ɗaure buhunan yashi a kai. A fili ta tafi daidai. Amma da muka shiga hanya, duk inda haƙori ya kama marmara sai gaban ya yi tsalle, buhu ya zame ya fashe. Kafin azahar mun fasa uku, ko tsawon gona guda ba mu yi ba.

"Yashi ba shi da hannu," in ji Piyer. "Mutum ake so, mai jiki, wanda zai riƙe, in ta ɗaga ya danna gaba."

Samari suka gwada, duk busassu ne bayan noman damina, tarakta ta yi ta wasa da su. Sarkin fawa mai ƙiba ya ce shi yana da iyali. Na koma gida a ranar ban iya cin tuwo ba, matata ma ba ta tambaye ni komai ba, don ta fi ni sanin halin da gidansu yake ciki.

Da hantsi ina zuba mai sai na ga mutane suna darewa. Baba ne, cikin tsohuwar taguwa, babu babbar riga, babu rawani, ya ɗaure bakinsa da ƙyalle. Mutum ne mai jiki, kowa ya sani. Mai gari ya tare shi yana cewa haba Sarki, wannan ba aikin dattijo ba ne. Ya miƙa wa mai gari sandarsa.

"Ni na zaɓo shi. A gaya ma mai tarakta ya tada."

Ya taka taya ya hau katakon, tsakanin buhu biyu, ya juya mini baya, ya kama ƙarfe da hannu biyu.

Kwana takwas muka yi a haka, daga hantsi zuwa la'asar. In haƙori ya kama sai in ga bayansa ya sunkuya gaba, taya ta koma ƙasa, mu wuce. Zafin inji yana dukan bayansa, jar ƙura tana rufe shi har gemunsa ya zama kamar an sa masa lalle. Fatake masu wucewa suna tsayawa su yi kallo, wasu sun san shi daga kasuwannin shanu, ina jin dariyarsu duk da ƙarar inji. Kafin mako ya ƙare labari ya kai Tibiri, an sa masa suna Hancin Tarakta. Mutumin da shekara talatin in ya ɗaga sanda a tike kowa ke yin shiru. Ni kuwa kwana takwas ina kallon ƙeyarsa, na san kalma ɗaya daga bakina a Sakkwato da ta hana wannan duka. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, kuma ba irin kunyar da na saba ji a gabansa ba ce.

Akwatin ya cike ramuka, ya kashe gargada. Doro kam bai yi ba, hanyar ta fito shimfiɗe kamar faifai, Piyer ya ce ruwan farko zai kwanta a kanta ya sake cinye ta. Amma kamyo ya shiga har kasuwa bai kafe ba. Wakilin ya ce sikeli ya zauna bana, baɗi kuma sai ya sake gani.

Ranar ƙarshe, da muka kai bakin babbar hanya na kashe inji. Mutane sun riga sun koma, babu kowa sai mu biyu. Na jira ya sauka, bai sauka ba. Ya kwance ƙyallen bakinsa ya kakkaɓe, yana kallon gaba.

"Nomau."

Sai da na waiga in ga ko akwai wani mai sunan a bayana.

"Na'am, Baba."

"Ran da Bayaraben nan ya tambaye ka, ka san ƙaramar ce daidai?"

Na so in ce ban tabbata ba, don akwai gaskiya a ciki. Amma bakina ya ce, "Na sani, Baba."

Wata mota ta wuce, ƙurarta ta kwanta.

"Ni shanu na sani, ban san ƙarhe ba. Tun Dutsi nike son in ga takardar nan taka. Da ya tambaye ka, na tsaya ina roƙon Allah ka ce a'a, in yi maka ɗan hwaɗa gaban mutane, mu ɗauki ƙaramar mu tahi."

Hawaye suka zubo mini, na bar su, tunda bayansa yake ba ni.

Ya sauko a hankali yana dafa gwiwa, ya tsaya ya miƙe ƙugunsa.

"Jan bijimina ya isa kuɗɗin wuƙar. In an gama awo ka koma Sakkwato ka sayo ta. Kai kaɗai za ka tahi. In na bi ka, wani akwatin za mu sayo."